Kura da Shan Bugu: Hotunan Gefen Abuja da Abin da Masu Kyamararmu Suka Bari

Cikin hotunan dabbobi da aka ɗauka a ƙasar nan, kaɗan ne suka zaga duniya kamar na wani gardi Bahaushe riƙe da kura a sarƙa. Ba a dajin Yankari aka ɗauke shi ba. A gefen Abuja ne, a irin unguwannin da muke zaune, inda birni ya ƙare amma ƙauye bai fara ba. Mai hoton, Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu ne. Ya zo a 2005, ya yi kwana takwas yana bin gardawan, ya sake dawowa a 2007, sannan ya tattara aikin a littafi mai suna The Hyena and Other Men. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci kyautar farko ta World Press Photo a 2006, a ɓangaren hotunan mutane. Yanzu da kowane yaro a Masaka ke da kyamara a aljihu, ya kamata mu zauna mu dubi wannan aiki da idon basira, don akwai abin koyo a ciki, akwai kuma abin ƙi.

Mu fara da inda ya yi daidai. Duk wanda ya taɓa ganin wasan kura ya san hayaniyarsa: ganga na tashi, yara na gudu, gardi na tsalle, kura na fizgar sarƙa. Hugo ya bar wannan duka. Sai da kowa ya watse ya ɗauki hotonsa. Gardi na tsaye cak, ga layu da guraye, ga sanda a hannu, kura na gefe da takunkumi a baki, ko kuwa gwaggon biri sanye da rigar 'yan ƙwallo. Shirun nan shi ne ƙarfin hotunan. Yana tilasta maka ka dubi fuskar mutumin, ka dubi idon dabbar, ka tambayi kanka wane ne ke riƙe da wani. Gardin ba shi da abinci sai ta hanyar kurar, ita ma ba ta da shi sai ta hannunsa.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar mu, shi ne bayan hoton. Bai share komai ba. Ga kangon gini, ga bulo a jibge, ga ƙarƙashin gada, ga wayoyin lantarki, ga ƙasa tsirara babu ciyawa. Launin ma a dushe yake kamar safiyar hunturu. Duk wanda ke bin hanyar Nyanya, Mararaba, Ado zuwa Masaka kullum zai ce ai nan ne. Baƙo ya zo ya ɗauki ƙasarmu yadda take, bai ji kunyarta ba.

To mu fa? Ku leƙa situdiyon ɗaukar hoto a unguwa ranar Sallah ko biki. Labulen da ke bayan amarya, ko wanda aka liƙa mata da kwamfuta, dutse ne mai ƙanƙara ko lambun furannin da ba sa tsirowa ko'ina a Afirka ta Yamma. Katin Barka da Juma'a da ke yawo a WhatsApp, furen turawa ne da raɓa a kansa. Idan kuma matasa suka haɗa kuɗin mota suka tafi Gurara a jihar Neja, ko Farin Ruwa a Wamba, sai su dawo da hoto ɗari, casa'in da tara fuskokinsu ne, ruwan na leƙowa ta bayan kunne. Wanda ya rage kuma an dulmuya shi a filta, sama ta zama shuɗi kamar an zuba bula, ciyawa ta yi koren da ko a watan Agusta ba ta yi. Dutsen Zuma kuwa, tun da aka sa shi a bayan takardar naira ɗari a 1999, kusan kowa daga titi yake ɗaukarsa, gefe ɗaya, tsayuwa ɗaya. A 2020 aka yi ta tururuwa zuwa tsohon ramin fasa dutse na Mpape don ruwan da ya taru a ciki ya yi kama da na ƙasashen waje. Ka ji fa, sai da wuri ya yi kama da na wasu sannan muka ga kyansa.

Amma kada a ɗauka aikin Hugo ba shi da aibi. Kurar da ke cikin takunkumi ba naman daji ba ce kuma, fursuna ce. Ba ka ganin yadda take tafiya da dare, ko yadda take renon 'ya'yanta, ko dajin da aka kamo ta. Su ma gardawan, hotunan sun tsayar da su kamar gumaka, babu dariya, babu ciniki, alhali mutane ne masu sana'a da aka gada, suna sayar da magani, suna ciyar da iyali. Wanda bai san mu ba zai rufe littafin yana zaton haka titunanmu suke, kowa na yawo da kura kamar kare. Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan karin maganar ta ƙara tsawo: kura ta sha sarƙa, gardi ya sha rana, suna da kyauta kuma suka tafi wata ƙasa. Ba laifi ba ne mutum ya ci moriyar gwanintarsa. Laifin namu ne idan hoton da duniya ta fi sani game da dabbobin yankinmu ya ci gaba da zama na dabbar da ke ɗaure.

Wani zai ce, malam, ina muka ga dabba a Masaka in ba akuya ba? Ai nan ne kuskuren yake. Balbela na bin shanun Fulani a bayan gari. Shirwa na shawagi a kan mahauta da rani. Shamuwa na ratsowa gabanin damina, ita ce tsohuwar mai ba manoma labari. Hankaka, hasbiya, kurciya, ƙadangare mai jan kai a kan katanga, jemagu da magariba, duk suna nan sake, babu sarƙa. Ga furanni kuma. Ɗorawa na sako jajayen furanninta masu kama da ƙwallo a ƙarshen rani. Gurjiya na yin ja wur a lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Bado na buɗewa a kududdufi. Ko tumfafiyar da muke rainawa a bakin bola, ka matsa kusa ka dubi furenta, fari da ruwan hoda, za ka rantse wani ne ya zana. Wayar hannu ta isa ta ɗauki waɗannan. Abin da ake buƙata haƙuri ne: a fita da sassafe ko bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi, a durƙusa daidai da tsayin abin, a bar jan hoto da yatsa don yana farfasa shi, a jira. Kada a jefi tsuntsu don ya tashi, kada a taɓa sheƙa, kada a tsinke fure don a riƙe.

Maganar kuma ta wuce ado. A Kure, kusa da Yamai a Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996. Cikin hanyoyin ƙidayarsu akwai ɗaukar hoton kowanne ta gefen dama da hagu, don zanen jikin ɗaya bai taɓa zama irin na wani ba. Daga baya adadinsu ya haura 600, kuma da hoto ake sanin wanda ya haihu da wanda ya ɓace. Mu koma gida. Dattawan unguwar nan sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta har sai an kore ta. Yau yaro zai kai shekara goma bai ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin wannan ungulu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Wa ya ɗauki hotonta a mahautarmu kafin ta tafi? Haka ɗorawa da kaɗanyar da ke filin da ake yankawa fuloti yau, haka rafin da yara ke wanka a da, wanda leda ta toshe yanzu. Ranar da za a je gaban hukuma a ce a hana zuba shara a rafi, ko a bar wata bishiya, hoton bara da na bana ya fi dogon surutu.

Saboda haka ga ƙalubale ga masu situdiyo da matasan da suka iya waya. Ku ɗauki abu ɗaya daga Hugo, wato rashin jin kunyar ƙasarmu, hazo da ƙura da duka. Ku bar masa sarƙar. Kowa ya zaɓi bishiya ɗaya, ko rafi, ko tsauni da ake hange daga unguwa, ya ɗauke shi da rani, da damina, da kaka, da hunturu, ya rubuta rana da wurin, ya tambayi dattijo sunansa na Hausa, ya tambayi maƙwabtanmu Gbagyi nasu sunan. A wanke masu kyau a rataya a shago da makaranta. Sallah mai zuwa kuma, idan amarya ta zauna a gaban kyamara, a sa mata ɗorawar bayan gari a baya tun tana tsaye.