Tsakanin Jira da Sauraro: Sharhi a kan Lokacin Zuwan Almasihu a Bakin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san yadda watan Disamba yake shigowa. Hazo ya lulluɓe Titin Zariya, sanyin asuba ya tara mutane a teburin mai shayi, tashar Unguwa Uku kuma ta cika da maƙwabta Kirista masu haramar tafiya gida. Mai kallo daga waje yakan ɗauka Kirsimeti shagalin yini ɗaya ne. A wurin mabiya ɗarikar Katolika kuwa, ranar 25 ga Disamba tsakiya ce ta wani dogon zango na ibada, wanda yake farawa da makonnin jira, ya ƙare da jerin bukukuwa. Wannan maƙala za ta auna kalmomi da alamomin da ake isar da ma'anar wannan zango da su, ta ga ko sun zauna daidai a harshen Hausa da yanayin ƙasar Hausa.

2.0 Tsarin Lokacin da Ma'anarsa

Da Latinanci ana kiran kashin farko "adventus", watau zuwa ko isowar babban baƙo. Yana farawa ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, kuma da shi ne shekarar ibada ta Katolika take buɗewa. Fada yakan sa tufa shunayya, alamar tuba, sai Lahadi ta uku da aka yarda ya sa mai ruwan hoda domin nuna an kusa. Ana jingine babbar waƙar ɗaukaka ta ranar Lahadi har daren Kirsimeti, ana kuma yawaita karatu daga Littafin Ishaya da labarin Yahaya Mai Baftisma. Bayan Kirsimeti sai bukukuwa su biyo: na Istifanas shahidi ranar 26, na jariran Baitalami ranar 28, na Maryamu ranar 1 ga Janairu, sannan na ziyarar masanan gabas, a rufe da tunawa da baftismar Yesu.

Kalandar da Fafaroma Paul na Shida ya amince da ita a 1969 ta ba makonnin jiran fuska biyu: shirin tunawa da haihuwar Almasihu, da kuma sa ran komowarsa a ƙarshen zamani. Tun kafin nan Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya yi maganar zuwa na uku a tsakani, watau zuwansa cikin zuciyar mai bi a kowace rana. Ashe ke nan abin da ake nufi shi ne zaman shiri da farkawar zuciya.

3.0 Matsalar Kalma

Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida a 1963, kuma tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A dayosis ɗin Kano, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1999, akwai Hausawan karkara da ake kira Maguzawa da suka karɓi ɗarikar, akwai kuma 'yan Kudancin Kaduna da Filato waɗanda Hausa ce harshen addu'arsu. Zaɓen kalma a wurinsu ba wasan malamai ba ne.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "jira", amma ita ce mafi rauni. Ana jiran mota, ana jiran albashi, ana ma yin jiran gawon shanu, wanda Bahaushe ya san wahalar banza ce. "Dako" tana ɗauke da gajiya da tsayuwa a ƙofar wani. "Tsumayi" ta fi kusa, domin akwai ɗoki a cikinta, sai dai ba ta tilasta wa mai yinta wani aiki. "Sauraro" ita ce ta haɗa duka. Idan aka ce ana sauraron baƙo, an share ɗaki, an ɗora tukunya, kunne kuma yana bakin zaure. Kalma guda ta ƙunshi kasa kunne da sa rai, waɗanda su ne ginshiƙan lokacin, tun da yake gwarzonsa, Yahaya, murya ce mai kira. Wanda ya taɓa ganin masu jinya a harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kowa ya miƙe da zarar ƙofa ta motsa, ya ga bambancin mai jira da mai sauraro.

4.0 Matsalar Alama

Yawancin alamomin lokacin a Turai aka ƙera su. Kambun ganye mai kyandirori, wanda ake kunna ɗaya kowace Lahadi, ana danganta shi da wani malamin ɗarikar Luta, Johann Hinrich Wichern, a birnin Hamburg na Jamus a 1839, daga baya Katolika suka ɗauka. A can yinin ƙarshen Disamba bai kai awa 8 ba, don haka ƙaruwar haske a cikin duhu magana ce da jiki yake ji. A Kano yini a wannan lokaci ya haura awa 11. Fassara sanyin Turai da "hunturu" ta daidaita kalma, ta bar ma'ana a baya, domin hunturu yana biyo bayan kaka ne, rumbu cike, lokacin aure da dambe da wadata. Bahaushe ba ya jin ƙuncin jira a Disamba. A bazara yake jinsa, sa'ad da ya gyara gona ya zuba wa gabas ido.

Abin lura shi ne nassin da kansa ya fi kusa da manomin Kano. Aya ta 8 a sura ta 45 ta Ishaya, wadda ta shahara a ibadun wannan lokaci, ta kamanta zuwan adalci da saukar ruwa daga gajimare da tsirowar ƙasa. Mai wa'azin da ya tsallake wannan ya kama dusar ƙanƙara ya bar jaki yana dukan taiki. Haka kuma ba a bukatar bishiyar roba domin nuna rai a cikin fari. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar a rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Karin maganar can ta zargi shanun da suka zauna ba aiki ne, ba ta zargi itacen ba.

5.0 Kammalawa

Ba a cewa a watsar da kyandir da kambu, domin sun haɗa Katolikan Sabon Gari da 'yan'uwansu na duniya. Abin da ake cewa shi ne alamar da sai an yi mata dogon bayani kafin a ji ta ba ta gama zama 'yar gida ba. Muddin aka bar ma'anar lokacin a cikin aron yanayi, abin da zai rage wa mai bi da maƙwabcinsa Musulmi su gani shi ne shinkafa da ɗinki. Wannan kuwa darasi ne ga ɗaliban fassara baki ɗaya: kafin a nemi kalma a ƙamus, a fara tambayar a wane wata ne mai harshen yake jin abin a jikinsa.