Gari a Bakin Aku: Shugabanci da Ɗorewa a Magana Jari Ce

Gabatarwa

A shekarata ta uku a jami'a muna da ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar rubutu, wadda kowace Asabar takan cika aji guda. Shugabanmu mutum ne mai kwarjini da zaƙin baki. Shi ke nemo ɗakin taro, shi ke gayyato baƙi, lambobin masu tallafa mana duk a wayarsa suke. Ni ke riƙe da littafin rajista, amma ban taɓa tambayarsa yadda yake yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da ya kammala ya tafi bautar ƙasa, ƙungiyar ba ta ƙara ko zango ɗaya ba. Ba a yi faɗa ba, ba a ci kuɗin kowa ba. Mun dai wayi gari mun gane ashe mutum guda muke da shi, muna kiransa ƙungiya.

Wannan takaici ne ya mayar da ni ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939. Yawancin nazarin da ake yi masa yakan tsaya a kan salo da karin magana da asalin labaransa. Ni kuwa babban labarin da ya ɗaure sauran zan duba, da tambaya guda: me ya tsare masarautar Sarki Abdurrahman daga rushewa, kuma abin da ya tsare ta zai iya ɗorewa? Ra'ayina shi ne Imam ya hango rabin amsar da masana tsarin hukumomi suka zo suka bayar daga baya, ya bar ɗaya rabin a buɗe.

Masarautar da Sa'a ta Ceta

A littafi na ɗaya, Sarki ya fita yaƙi da Sarkin Sinari tare da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida, ya bar gari a hannun Wazirin da ke kwaɗayin gadon sarauta. Waziri ya shirya yaudarar Musa ya fito a halaka shi. Abin da ya hana haka shi ne aku, wanda kowane dare yakan shagaltar da Musa da labari har gari ya waye.

Mai karatu yakan tafi da sha'awar hikimar aku, ya manta da tambayar da ta fi nauyi: ina sauran fada? Babu majalisar da ke bibiyar Waziri, babu mai ikon tuhumarsa, babu hanyar da ƙaramin bafade zai kai ƙara idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Ran magajin sarki ya rataya a bakin tsuntsun da aka kawo talla cikin keji. Da mai akun ya bi ta wani gari, da labarin ya ƙare tun a shafukan farko.

Bajamushen masanin zamantakewa Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa tushen iko gida uku: na gargajiya da gado, na baiwa da kwarjinin mutum, da na doka da ƙa'ida. Ya nuna cewa ikon baiwa ne mafi rauni wajen ɗorewa, domin yana mutuwa da mai shi, sai fa in an mayar da shi tsarin da wasu za su iya ɗauka. A fadar Abdurrahman akwai na farko a jikin Sarki, akwai na biyu a jikin aku, na uku kuwa babu alamarsa. Ko bayan asirin Waziri ya tonu, ba a sake fasalin muƙamin ba. Mugu aka cire, aka naɗa nagari, wato aku. Kujerar tana nan da ikonta marar linzami, tana jiran duk wanda zai hau.

Fasih da Batun Magaji

Inda Imam ya burge ni shi ne littafi na uku. Bayan aku ya nuna fifikonsa a gasar da ya yi da Haziƙ a littafi na biyu, marubucin da ke neman nishaɗi kawai zai ƙaro masa abokan karawa ne. Imam sai ya zaunar da shi ya zama malami, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, yana ba shi labari, yana fitar masa da ƙa'ida, yana tsawata masa idan ya yi sake. Abin da muka ɗauka baiwa ce daga sama ya koma ilimi mai matakai, wanda ake iya koyarwa.

A 1994, Jim Collins da Jerry Porras sun fitar da Built to Last, inda suka nazarci kamfanoni 18 da suka daɗe suna bunƙasa. Sun bambanta shugaban da ke iya faɗa wa mutane lokaci da wanda ke ƙera agogon da zai ci gaba da aiki bayan ba ya nan. A littafi na ɗaya aku mai faɗin lokaci ne. A na uku ya koma maƙerin agogo. Imam ya kai ga wannan fahimta fiye da shekara 50 kafin su, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya zo Zariya ya rubuta littafin a 1936.

Sai dai agogon na gida ɗaya ne. Ɗansa aku ya koya wa, bai buɗe makaranta ga sauran fadawa ba. A ma'aunin Weber, baiwa ta koma gado, ba ta koma ƙa'ida ba. Idan Fasih ya tashi da halin tsohon Waziri, fasahar da aka koya masa ita ce za ta zama makaminsa.

Macen Aku

Rabin da Imam ya bari a buɗe yana cikin wani ɗan gajeren al'amari da ake saurin wucewa. Kafin Musa ya je wa aku da maganar fita, macen aku ya fara tuntuɓa. Ta gaya masa gaskiya kai tsaye cewa kada ya fita, shi kuwa ya fusata ya kashe ta. Aku ya ga abin da ya faru, ya sake dabara: ba ya cewa a'a, sai dai ya ja dare da labari.

Littafin ya gabatar da wannan a matsayin darasin iya magana, kuma darasi ne na gaske. Amma idan aka dube shi ta fuskar hukuma, abin tsoro ne. Shawarar macen da ta mijin ɗaya ce; ita ta faɗa a fili ta rasa ranta, shi ya lulluɓe ya sami wazirci. Duk bafaden da ya ga haka ya koyi cewa gaskiya tsirara ba ta da wurin kwana a fada. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gano a binciken da ta yi a asibitoci cewa rukunonin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan jagoranci sun fi kawo rahoton kurakurai, domin ba sa tsoron faɗa. Hukumar da sai gwanin zance ne kaɗai ke iya yi wa shugaba gyara ta toshe bakin mafi yawan mutanenta, alhali mai gadi da mai shara sukan ga ɓaraka kafin waziri ya gani. Littafin ya horar da mai faɗa ƙwarai, bai horar da mai saurare daidai da haka ba.

Wani zai ce na ɗora wa tatsuniya kayan da ba nata ba, tunda littafin karatun 'yan makaranta ne, kuma ginshiƙinsa aro ne daga tsohon labarin Indiya na aku mai hira. Amsata tana cikin aron kansa. A labarin Indiya, matar aure aku ke hanawa fita wajen masoyinta. Imam ne ya mayar da ita ɗan sarki, ya sa waziri da yaƙi da gadon mulki. Shi ya shigo da siyasa cikin labarin, don haka halal ne a yi masa tambayar siyasa.

Kammalawa

Magana Jari Ce ya nuna cewa hikimar da ba a koyar ba bashi ce a wuyan mai ita, kuma wannan kaɗai ya isa a gode wa Imam. Abin da ya rage mana shi ne mu ƙarasa: ilimin ya fita daga gida ɗaya, muƙami ya sami linzami, mai faɗin gaskiya ya kwana lafiya ko da bai iya zance ba. Da na sake duba abin da ya ci ƙungiyarmu, na ga shugabanmu bai yi mana Fasih ba, mu kuma ba mu nema ba. Akwai wata ɗaliba da ta taɓa miƙewa a taro ta ce ya kamata a rubuta yadda ake gudanar da komai, a raba ayyuka. Muka yi mata dariya, muka ce tana hassada. Ba ta sake zuwa ba. Littafin rajistar yana wurina har yau, kuma sunanta na shafi na biyu.