Mai Koya wa Geji Faɗin Gaskiya

Gejin man babur bai san lita ba. Abin da ya sani kawai shi ne inda saman mai ya tsaya a cikin tanki. Akwai wata 'yar roba mara nauyi da ke iyo a kan fetur, an ɗaure ta a bakin siririyar sandar ƙarfe, ɗaya bakin sandar kuma yana goga a kan wata 'yar na'ura mai rage wa wuta ƙarfi. Idan mai ya sauka, robar ta bi shi, sandar ta karkata, ƙarfin wutar da ke isa ga allura ya sauya. A babura da yawa na Japan, mitar awon wuta takan nuna om 10 (om shi ne ma'aunin yadda na'urar ke rage wa wuta ƙarfi) ko ƙasa da haka idan tanki ya cika, ta nuna kusan 100 idan ya ƙafe. Kamfani ya auna wannan duka ne da tankin da ya ƙera, da zurfinsa da fasalinsa.

To, sai mai babur ya sauya tanki. Dalilinsa a fili yake. Honda CRF300L, wanda ya fito a 2021, da tanki mai cin lita 7.8 yake zuwa, kamfanin Acerbis na Italiya kuwa yana ƙera masa na roba mai cin lita 14. Duk wanda ya san hanya irin ta Agadas zuwa Arlit, wajen kilomita 240 cikin hamada, ba sai an yi masa bayanin amfanin ƙarin lita shida ba. Amma na'urar gejin tsohon tankin ce ake zurawa cikin sabon, ita kuwa tana nan da tsohon iliminta. Sai ka ga geji ya kafe a kan cike har an yi tafiya mai nisa, daga nan ya zube ƙasa kamar an tunkuɗa shi. Ko ya ce mai ya ƙare alhali da saura mai yawa. Mafi muni shi ne ya ce da saura, inji kuwa ya ɗauke a tsakiyar daji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: babur mara geji ya fi wannan aminci, don mai shi ba ya sakin jiki.

A nan ake gane gwanin riwaya, kuma abin da ya fi burge ni game da shi shi ne ba ya fara lanƙwasa komai. Ya tsiyaye tankin ƙarƙaf, ya tsayar da babur cak a wuri mai daidai, ba a jingine a kan ƙafar gefe ba, ya cire wayoyin geji ya maƙala musu mita. Sannan ya sa yaronsa ya riƙa zuba mai lita ɗaya-ɗaya da mazubin da aka tabbatar da awonsa. A zuba, a jira mai ya lafa, a karanta, a rubuta. Tanki mai lita 14, layi 14 ke nan a takarda. Mai babur yakan ƙosa ya ce, "Oga, ba lanƙwasa sandar kawai za a yi ba?" Shi kuwa sai ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, bari tankin ya gaya mana yadda cikinsa yake."

Wannan takarda ita ce rabin aikin. Tankin babur ba akwati ba ne. Yana hawa kan ƙashin bayan babur, yana da rami a ƙarƙashinsa, manyan tankuna kuma sukan sauko da kumatu biyu hagu da dama. Kamar tulu ne: ruwan da zai ɗaga tsawon yatsa a wuyansa kaɗan ne, amma a tsakiyar cikinsa sai an zuba da yawa kafin ya ɗaga haka. Saboda haka rabin zurfin tanki ba shi ne rabin mai ba. Idan gwani ya duba lambobinsa, yana ganin inda lita biyu ko uku suka shiga mita ba ta motsa ba, ya san robar tana kwance a ƙasa mai bai kai gare ta ba, ko ta kai maƙura a sama mai ya shanye ta.

Sai yanzu hannu zai taɓa ƙarfe. Lanƙwasa sanda da ƙara mata tsawo abubuwa biyu ne daban, kuma a nan ɗan koyo ke yawan ruɗewa. Lanƙwasawa tana matsar da awon ne gaba ɗaya, sama ko ƙasa. Abin da ka samu a gindi ka rasa shi a baki. Ƙarin tsawo shi ke faɗaɗa zurfin da robar za ta iya bi, tunda kusurwar da sandar ke juyawa ba ta sauya ba. Amma doguwar sanda ta fi nauyi, tana iya dulmuyar da robar, tana kuma iya gogar bangon tanki ta maƙale. Shi ya sa za ka ga gwani ya mayar da na'urar, ya ɗaga busasshen tankin ya kifa shi a hankali, ya kasa kunne. Yana son ya ji robar ta tafi ta dawo ba tare da ta ci karo da komai ba.

Wani lokaci ƙarfe kaɗai ba ya gama magana, sai an bi ta waya. Idan aka jera razista, wato 'yar na'urar rage ƙarfin wuta, mai om 10 a kan layin, cike ya koma 20, ƙafe ya koma 110, geji ya riƙa nuna ƙasa da abin da ke ciki. Idan aka haɗa ta a gefe, tana matse awon ne, kuma ta fi taɓa ɓangaren ƙafewa. Akwai kuma ƙananan akwatuna na lantarki da ake koya wa lambobin sabon tanki, su fassara su ga geji. Baburan zamani masu allo suna da nasu hali: suna jinkirta nuna sauyi don kada tangal-tangal ɗin mai a kan gargada ya sa geji rawa, wasu kuma idan lambar ta fita daga iyakar da suka sani sai su hau ƙyaftawa. Mai gaggawa zai ɗauka gyaransa bai yi ba, ya sake lanƙwasawa ya ɓata abin da ya daidaita.

Duk wannan ana yin sa ne a kan fetur. Gwani na cire kan batir kafin ya buɗe tanki, yana aiki a fili inda iska ke wucewa, kuma ba ya yarda a kawo dalma mai zafi ko wutar walda kusa. Tankin da aka tsiyaye ya fi ba shi tsoro, domin tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Yana kuma sa sabuwar robar toshi a bakin na'urar, ba ya mayar da wadda ta riga ta lotse.

Sau da yawa ba a samun geji ya yi daidai a sama da ƙasa lokaci guda, dole a zaɓa. A ganina zaɓin da gwanaye ke yi shi ne daidai: su bar geji ya daɗe a kan cike, amma ya faɗi gaskiya a gindi. Wanda ya baro gidan mai ya san tankinsa cike yake. Wanda ke buƙatar geji shi ne mai lissafin ko zai kai gari na gaba. Ga babur mai famfon lantarki a cikin tanki ma akwai ƙarin dalili, don man ne ke sanyaya famfon, yawan barin sa ya ƙafe na rage masa kwana. Don haka sai a saita alamar ƙarshe ta bayyana da sauran kamar lita biyu.

Gwaji na ƙarshe a kan titi ake yin sa. A cika tanki, a mayar da ma'aunin tafiya sifiri, a ɗaura galan na ko-ta-kwana a baya. Mai babur ya rubuta kilomitar da kowace alama ta ɓace, ya dawo wa gwani da takardar, a kwatanta da ta farko. Idan sun saɓa, a sake buɗe tankin.