Tarihi a Tsakar Gida: Nazari Kan Wasannin Talbijin Na Zamanin Da

Duk wasan kwaikwayon da aka gina kan zamanin da, kaya biyu yake ɗauke da su: tarihin al'umma da labarin iyali. A ganinmu, gwanin marubuci shi ne wanda ya ɗaure su da igiya ɗaya, ta yadda sauyin zamani zai zama sanadin abin da ke aukuwa a tsakar gida.

Mu ɗauki Roots, wanda aka nuna a Amurka a 1977. Ba a yi wa mai kallo lacca kan bauta ba. An dai nuna masa ranar da aka sayar da Kizzy, 'yar Kunta Kinte, aka raba ta da iyayenta, wannan kuwa ya wadatar. Haka ma fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: fataucin bayi ta hamada ya bayyana ne a wahalar uwar da ta fita neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita.

Wasan Ertugrul na Turkiyya (2014 zuwa 2019), wanda matasanmu na Gwarzo da Kabo suka kalla a fassarar Hausa, ya dace a wani wuri, ya kuskure a wani. Ya dace inda barazanar Mongol ta raba kan 'yan'uwa a kan ƙaura zuwa yamma. Ya yi rauni inda aka ja zaren kishi da makirci don tsawaita shiri kurum.

Mu kuwa, yawancin wasanninmu na sarauta rawani ne da alkyabba da dawaki, babu shekara, babu sanadi. Ga ma'auni mai sauƙi ga sababbin marubuta: a cire labarin daga zamaninsa a kawo shi yau. In bai girgiza ba, to, tarihin ado ne kawai.

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Jirgin ƙasa ya fara jigila a Kano a 1912, kuɗin gyaɗa suka shiga ƙauyuka. A ƙaga wani magidanci a Getso wanda ɗansa ya sami kuɗin kansa ya nemi fita daga gandu. A biyo zuriyarsa zuwa farin 1973, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da aka nemi jikarsa mace a makarantar boko. Marubuci na da 'yancin ƙirƙirar wannan gida, amma ba shi da 'yancin sauya shekaru ko ƙaga wa sarakunan gaskiya abin da ba su aikata ba.

Tsofaffin da suka ga farin 1973 suna ƙarewa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mu je mu tambaye su tun suna raye.