Ƙanƙarar Leda da Ayis Kirim: Nazari Kan Kayan Sanyi a Wurno

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a kudancin Jigawa, kula cike da ƙulle-ƙullen leda haja ce mai farin jini a Wurno da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram. Duk "mai sanyi" ake ce musu, amma iri-iri ne, kuma an fi gane bambancinsu idan aka duba yadda kowanne ke jure ɗaukewar wuta.

Kashi na farko shi ne na ruwan 'ya'yan itace da tsirrai: zoɓo, tsamiya da 'ya'yan kuka. A dafa ko a jiƙa, a tace, a zuba sukari da citta da kanumfari, a ƙulla a leda, sai firiza. Sukari yana jinkirta daskarewar ruwa, shi ya sa idan yaro ya tsotsa, zaƙi da jan launi ke fara fitowa, farar ƙanƙara ta rage a leda. Tsamin da ke cikinsu yana hana su saurin lalacewa, kuma ko sun narke sun koma abin sha, mai sana'a ba ta yi asara ba. Kayan haɗin ma na gida ne, domin Jigawa na kan gaba wajen noman zoɓon da Najeriya ke fitarwa har Meziko.

Kashi na biyu masu kauri ne: kunun aya, yogot da nonon da aka daskarar. Sun fi riƙe ciki, amma ba su da haƙuri. Kunun aya, in ya rasa sanyi, wuni ɗaya ya ishe shi ya yi tsami.

Kashi na uku shi ne ayis kirim na kamfani. Fan Milk, wanda Erik Emborg ɗan ƙasar Denmark ya kafa a Ghana da Ibadan a farkon shekarun 1960, shi ya yaɗa tallarsa a kan keke. Laushin ayis kirim daga maiƙon madara yake da iskar da ake bugawa a ciki yayin daskarewa, kuma sai a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili yake zama lafiya. Da ya narke ya sake daskarewa, iskar ta tsere, sai a ji shi tsakuwa-tsakuwa a baki. Wannan ne ya sa ya fi zama a birane irin su Kano da Dutse.

Saboda haka ƙanƙarar leda ce ta dace da Wurno, kuma ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci. Sana'a ce ta mata a cikin gida, mai ƙaramin jari, wadda ke bunƙasa idan azumi ya faɗo cikin zafi, kamar na 2024 da 2025. Abu biyu take nema. Na ɗaya tsaftar ruwa, don daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifot ko na amai da gudawa. A tafasa ruwa kafin a haɗa. Na biyu sanyi mai ɗorewa. Firizar sola ta fi ƙarfin mace ɗaya, amma mata goma da suka yi adashi za su iya mallakarta, su riƙa sarrafa zoɓon gonakinsu da hannunsu, ribar ta tsaya a gari.