Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoton Husufi

Haƙiƙa masu ɗaukar hoton husufin wata sun cancanci yabo, domin a daren 27 ga Yuli 2018, sa'ad da inuwar duniya ta lulluɓe wata har sa'a ɗaya da minti 43, jama'a na sallar husufi, su kuwa sun yi ta haƙuri a bayan kyamara mai dogon gilashi mai jawo nesa kusa, wadda aka kafa bisa ƙafa uku. Mushkilar ita ce, idan wata ya rine ja haskensa yakan raunana ainun, tilas a jinkirta rufe idon kyamara; in kuwa jinkirin ya zarce sakan ɗaya ko biyu, tafiyar watan ta ɓata surar.