Wanda Ya Faɗi da Wanda Bai Faɗi Ba: Tarken Kwanakin Ƙarshe na Kokawar Takobi

A ƙauyukanmu na tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin dangar wani, kokawa abar kaka ce. Sai an girbe gero, an kai dawa rumbu, sannan samari su ɗaura walki. Yau dandalin ya yi shiru a yawancin garuruwanmu, amma sha'awar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa ƙetaren iyaka. Da hunturu ya kama, za ka tarar da mu mun yi cincirindo a kan waya guda ko rediyo guda, muna bin gasar Takobin Ƙasa ta Jamhuriyar Nijar. Na daɗe ina cikin wannan cincirindo, kuma abin da nake son tarkewa a nan shi ne ginin gasar a matsayin labari, musamman kwanakinta na ƙarshe. Ra'ayina shi ne, mu 'yan kallo da mawaƙa da masu sharhi duk mun ɗora idonmu a inda labarin ya fi rauni.

An fara gasar a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗaga takobin farko. Tsarinta a yau shi ne jihohi takwas, wato Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, su zama 80. Kowace jiha sai ta kara da sauran bakwai. Dokar da ta ɗaure labarin kuwa ɗaya ce: wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma bai fita daga fili ba, zai ci gaba da kokawa domin jiharsa.

Domin a ga nauyin wannan doka, a dubi kokawar sumo ta Japan. Can ana gasa shida a shekara, kowace kwana 15, kuma wanda ya fi yawan kaye shi ke cin kofi, ko da an taɓa kai shi ƙasa. Wanda ya yi kaye takwas ya tsira da matsayinsa. Lissafi ne mai yafiya, mutum na iya tuntuɓe ranar uku ya yi sarauta ranar sha biyar. Takobi ba ya yafiya. Shekara guda ta atisaye da tsimi da addu'o'in malamai tana iya zubewa a taɗiya ɗaya, a hannun yaron da ba a san sunansa ba. Ta fuskar adabi, sumo ya yi kama da doguwar hikaya, Takobi kuwa ya fi kusa da tatsuniyar da ake rage 'yan tafiya ɗaya bayan ɗaya kafin a isa garin sarki.

Sai dai wannan doka ta haifi 'ya'ya biyu, kuma ɗaya ne kawai muke yi wa kirari. Na farko shi ne wanda ba a kayar ba. Kullum da yamma ana ƙidaya irinsa, daga sha wani abu su koma bakwai, su koma huɗu. Amma a lura da yadda kokawarsa ke canjawa. Ranar farko yana shiga da ƙarfinsa, ya sungumi abokin karo kamar damin gero. Zuwa rana ta shida ya zama mai gadin dukiya. Ya duƙa, ya ja ƙafafunsa baya, ya riƙa ture hannu yana kewaya fili, alƙali yana gargaɗi, mintoci suna tafiya. Ba na zarginsa, domin duk mai abin asara haka yake yi. Abin da nake faɗa shi ne, gwargwadon kusantar takobi, gwargwadon raguwar kokawar da ido zai ƙoshi da ita.

Ɗa na biyu shi ne wanda ya riga ya faɗi. Shi ne, a ganina, tauraron kwanakin nan. Ba shi da abin karewa, sai suna. Idan aka haɗa shi da wanda ba a kayar ba, shiga yake yi da dukan jikinsa, domin in ya yi kaye ya share wa ɗan jiharsu hanya, in an kayar da shi kuwa wanda ke ruwa ba ya tsoron yayyafi. Karon da ke sa mu tashi tsaye mu zubar da shayi, mafi yawansu irin waɗannan ne. Duk da haka, da an wayi gari ba a ambatonsa sai a matsayin dutsen da wani ya yi tuntuɓe da shi. Masu sharhi suna cewa "an kayar da wane", ba safai suke tsayawa a kan wanda ya yi kayen ba.

A nan ne nake ganin adabin bakan da ya kewaye gasar ya gaza, duk da ƙarfinsa. Kirarin ɗan kokawa, da layu da guraye a jikinsa, ginin "ni ne" yake da shi, bai san faɗuwa ba. Waƙoƙin Sagalo, wanda muryarsa ta zama tamkar tutar kokawar Nijar, zuga ce mai sa tsikar jiki tashi, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago a fagen dambe a wannan ɓangare namu. Zuga aikinta ta tura mutum cikin fili. Ba a gina ta don ta raka shi fita ba. Shi ya sa muke da ɗimbin kalmomi na wanda ke tsaye, amma mutum 79 da za su koma gida ba takobi ba mu tanadar musu komai ba sai shiru, alhali shekara mai zuwa daga cikinsu sarki zai iya fitowa.

Zamanin Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso, ya ƙara fito da wannan giɓi. Zuwa ƙarshen 2023 ya ɗaga takobin sau shida, abin da babu wanda ya taɓa yi. Gwanintarsa ba abar musu ba ce, haƙuri gare shi da sanin lokacin kai hari. Amma labarin da aka san ƙarshensa yakan yi sanyi, har majalisarmu ta rabu biyu: masu son ya ƙara, da masu son kowa ma ya kayar da shi. A Disambar 2024 aka yi gasar a Dosso, gidansa, takobin kuwa ya tafi Yamai a hannun Abba Ibrahim. Makonni aka yi ana maganar a bakin kasuwa, kuma na lura mafi yawan hirar a kan wanda ya rasa takobin take, ba a kan wanda ya samu ba. Ashe mutane suna da ƙishin labarin faɗuwa, har suna ƙaga shi da bakinsu a zaure da wurin mai shayi, tun da kalangu bai ba su ba.